Filin Baba Na Labo: Yaya filasmid ke kwafe kansa a cikin bakteriya?

Wasiƙu uku na tsamo daga jakar wannan wata. Masu su ba su san juna ba, ɗaya ɗaliba, ɗaya mai kiwon kaji, ɗaya uwa mai ciwon suga, amma da na baje su a kan tabarma sai na ga ashe gida ɗaya suke nema ta ƙofofi uku. Ta farkon za ta ci mana wuri, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, ɓangaren kimiyya, bana zan zauna bak. Malaminmu ya zana mana bakteriya a allo, da babban zaren ADN a tsakiya, da wasu ƴan zobba a gefe. Ya ce sunansu filasmid, wai "suna kwafe kansu da kansu". Na rubuta a kaye, na haddace, amma ban gane ba. Abin da ba hannu ba ƙafa, yaya zai kwafe kansa? In kuma yana iyawa, me ya hana shi ya yi ta yi har bakteriyar ta cika ta fashe? Na tambaya a aji, aka ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Daga ƴarka, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya ce miki ba ya fitowa a bak bai yi ƙarya ba. Sai dai kada ki raina tambayarki, musamman rabinta na biyu. Wani Ba'amurke, Joshua Lederberg, shi ya raɗa wa abin suna filasmid a 1952, amma sai da aka kwashe shekara kusan 30 kafin a gane yadda yake ƙirga kansa.

Bari mu fara gyara jimlar da kika haddace, don "da kansu" ɗin nan rabin gaskiya ce. Ke ƴar Birni ce, kin san Zango. A zamanin ayari, in bafatake ya iso Damagaram daga Agadas ko Kano, ba cikin ganuwa yake sauka ba, Zango yake nufa, gidan fatomansa. Murhu na mai gida ne, tukunya tasa, ruwa da itace nasa. Abin da baƙo ya riƙe kaɗan ne: hajarsa, da ikon cewa yau zan kwance kaya ko sai gobe. To haka filasmid yake zaune. Babban zaren tsakiya, kuromozom, shi ne Birni da fadarsa, duk abin da bakteriya ke bukata don ta rayu yana rubuce a nan. Filasmid baƙo ne. Kayan aikin kwafa kusan duka aro yake yi wurin mai masauki. Nasa na kansa shi ne wurin farawa, da ikon cewa a fara ko a dakata, ba tare da ya jira ranar da kuromozom zai kwafu ba.

Ki riƙe girmansu a ranki. Bakteriyar hanji da muke kira E. coli, sai kin jera kamar 500 baki da wutsiya kafin su cika milimita ɗaya. Kuromozom ɗinta yana da haruffa kusan miliyan 4 da dubu 600. Filasmid kuwa wani haruffansa dubu biyu ne ko uku, wani kamar wanda ake kira F ya kai 100,000.

Yanzu maganar hannu da ƙafa. In kin shiga Kasuwar Dole, ki ɗan tsaya wurin masu igiya, ki ɗauki guntu ki murɗa shi baya. Za ki ga sili biyu ne suka nannaɗe juna. ADN, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa DNA, igiya ce mai sili biyu, sai dai kowane sili jeren haruffa huɗu ne: A, T, G, C. A ba ta zama sai da T a gabanta, G ba ta zama sai da C. Ba wayo ba ne, siffa ce, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Saboda haka in aka warware igiyar, kowane sili yana ɗauke da cikakken bayanin abokinsa. Haruffa suna nan warwatse cikin ruwan bakteriya, duk wanda ya dace da gurbi ya zauna, wanda bai dace ba ya wuce. A ƙarshe igiya biyu, kowacce da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya. Meselson da Stahl ne suka tabbatar da haka a 1958.

Ma'aikatan da ke wannan aiki furotin ne, waɗanda ake kira anzim. Elikaz ke warware igiya. Folimeraz shi ne masaƙin, a cikin E. coli yana jera haruffa wajen 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Amma yana da halaye biyu masu ban haushi. Na farko, ba ya iya farawa daga babu, sai an ɗora masa ɗan guntun ARN, wato RNA, ɗan'uwan ADN mai sili ɗaya, kamar yadda tela ke ƙulla bakin zare kafin ya soka allura. Firimaz ke wannan aikin. Na biyu, gefe ɗaya kawai ya san tafiya, alhali silin biyu kai da ƙafa suke kwance. Don haka sili ɗaya yana saƙuwa santal, ɗayan kuma gutsure-gutsure, haruffa 1,000 zuwa 2,000 kowane gutsure, sai ligaz ya biyo baya yana ɗinkewa. Wasu mata da miji ƴan Japan, Reiji da Tsuneko Okazaki, su suka gano gutsattsarin nan a 1968, har yau sunansu ake kiran su da shi. Wannan kam yana iya fito miki a bak.

Duk waɗannan ma'aikata na bakteriya ne. To ina hannun filasmid? A 1963 François Jacob na cibiyar Pasteur ta Paris, da Sydney Brenner da François Cuzin, suka ce duk wani ADN mai kwafuwa da ikon kansa yana bukatar abu biyu: mafari, wato wani ɗan wuri a jikin igiyar inda za a buɗe, da mabuɗin da ya san wurin. A filasmid da yawa mabuɗin wani furotin ne mai suna Rep, kuma filasmid ɗin ne da kansa ke ɗauke da rubutun yadda ake ƙera shi. A mafarin akwai wata ƴar jimla mai haruffa kamar 20 da aka maimaita sau da yawa a jere. Rep ya zo ya zauna a kansu, ya lanƙwasa igiyar, sai wani wuri da ke kusa, mai yawan A da T, ya buɗe, domin A da T ɗauri biyu ke riƙe su, G da C kuwa uku. Da zarar baki ya buɗe, ma'aikatan gida sun samu ƙofa.

Da yake filasmid zobe ne, in aka buɗe shi aka fara saƙa, sai ki ga kumburi yana faɗaɗa a jikin zoben, har ya zama kamar goro da tsagarsa a tsakiya. Masana sun ce ya yi kama da harafin Girkanci teta, sunan da ke bin wannan hanya ke nan. John Cairns ya ɗauki hoton siffar a kuromozom ɗin E. coli a 1963. In an gama, zobba biyu ne a sarƙe kamar mundaye, sai wani anzim ya yanke ɗaya, ya zare, ya sake haɗewa. A lissafin haruffa 1,000 a daƙiƙa, ƙaramin filasmid kafin ki gama kurɓar shayi ya zama biyu.

Ga inda tambayarki ta yi daɗi. In abin yana da sauri haka, me ke taka masa birki? Baƙon da ya cinye rumbun fatomansa ya kashe kansa, don bakteriyar da aka yi wa nauyi maƙwabtanta za su tsere mata wajen haihuwa. Shi ya sa kowane filasmid yake da adadinsa. F ba ya wuce ɗaya ko biyu a cikin bakteriya guda. Dangin wani filasmid mai suna ColE1 suna zama kamar 15 zuwa 20. Kuma kowa da dabarar ƙirgarsa.

Masu Rep, dabararsu dabaibayi ce. Kin taɓa ganin yadda ake haɗa ƙafafun jakuna don kada su yi nisa? In filasmid sun yi yawa a ɗaki, suna yawan gogar juna, sai Rep ɗin da ke kan mafarin wannan ya kama Rep ɗin da ke kan mafarin wancan, su manne baki da baki, ba mai iya buɗewa. Turawa ankwa suka kira shi, ni dai dabaibayi ya fi kwanta mini. In bakteriya ta ƙara girma ko ta rabu biyu, wuri ya yalwata, dabaibayi ya kwance, aiki ya ci gaba.

Ta ColE1 ita ce ta fi burge ni, don shi ko Rep ba ya da shi. Yana fitar da wani dogon ARN, ana ce masa ARN na biyu, wanda ke farawa haruffa 555 kafin mafari, ya tafi ya manne a jikin ADN, wani anzim na bakteriya ya datse bakinsa, shi ke nan ƙullin tela ya samu. Amma daga ɗaya silin na wannan wuri, yana kuma fitar da wani gajere mai haruffa 108, ARN na ɗaya, wanda yake daidai da bakin dogon kamar A da T. In gajeren ya riski dogon tun yana fitowa, sai ya rungume shi, dogon ya naɗe ba daidai ba, ƙulli ya lalace. Ki ɗauka kowane filasmid yana tsaye yana ihu, "Mun isa! Mun isa!" In su biyar ne, ihun ba ya kai ko'ina, sai a yi ta haihuwa. In sun kai 20, ɗaki ya ɗauka, kowa ya tsaya. Gajeren nan kuma ba ya daɗewa, cikin ƴan mintoci ya ruɓe, saboda haka ihun da ake ji kullum na waɗanda ke nan yanzu ne, ba na jiya ba. Jun-ichi Tomizawa, wani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, shi da abokan aikinsa suka kwance wannan ƙulli a farkon shekarun 1980.

Da mutane suka gane birkin, sai suka fara wasa da shi. Akwai filasmid ɗin labo mai suna pBR322, haruffa 4,361, da aka ƙera a 1977, yana zama 15 zuwa 20. Aka cire masa wani ɗan furotin mai taimakon gajeren ARN, harafi ɗaya tak kuma ya sauya a jikin dogon, sai jikansa pUC ya koma 500 zuwa 700 a bakteriya guda. Harafi ɗaya, ƴata. In kina rubuta bak ki tuna da wannan kafin ki ce kuskuren harafi ba komai ba ne.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bi ta goro ba, ta mirgina zobe. An fi ganin ta a ƙananan filasmid na irin su Staphylococcus aureus, ƙwayar da ke kawo maruru. Wanda aka fi nazari sunansa pT181, haruffa wajen 4,400, hajarsa kuma ita ce kariya daga maganin tetarasikilin. Nan Rep ba lanƙwasa yake yi ba, yanka yake yi. Ya tsinke sili ɗaya, ya riƙe bakin da ya yanke gam, ɗaya bakin kuma ya zama ƙullin da folimeraz zai ɗora a kai. Ki kwatanta da dattijon da ke kwance tsohon rawani yana naɗa sabo a lokaci guda: kai yana nan, wato silin ciki da ba a taɓa ba, sabon naɗi yana zagayawa, tsohon yana zubowa gefe. In an zagayo, Rep ya sake yanka, ya haɗa bakin tsohon silin ya zama zobe mai sili ɗaya, wanda ke da nasa mafarin na biyu inda za a saƙa masa abokin zama. Rep ɗin pT181 kuwa ashana ce, ƙyastawa ɗaya ya mutu, don haka ƙirgar tana komawa kan nawa aka ƙera. Hanya ta uku ba zan daɗe a kanta ba: irin su RSF1010 suna zuwa da elikaz ɗinsu da firimaz ɗinsu, bafataken da ya taho da tukunyarsa da murhunsa, shi ya sa kusan kowane gida ya samu yana iya sauka.

Saura rabon gado. Ranar da bakteriya za ta rabu biyu, wa zai tabbatar kowace ƴa ta samu? Mai yawa ba ya damuwa. Ki ɗauki bik ki lissafa: in zobba 20 ne, kowanne ya faɗa dama ko hagu bisa sa'a, yiwuwar ɗaya ƴar ta tashi hannu wofi kusan sau ɗaya ne cikin rabin miliyan. Amma in biyu ne kacal, rabin lokaci za su faɗa gefe guda. Don haka marasa yawa suke ɗauke da na'urar rabo. A filasmid R1, wani furotin yana harhaɗuwa ya zama kamar gwangwala tsakanin zobba biyun, yana ƙara tsawo yana tura ɗaya gabas ɗaya yamma, kafin a gina katanga a tsakiya.

In malaminki yana da lokaci, ki kai masa wannan shafi. Ina zaton shi ma ya san amsar, manhaja ce ke korar sa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina kiwon kaji a bayan gari kan hanyar Mirya. Duk lokacin hunturu nakan sayi kafso mai kai ja da rawaya a wurin masu tebur, in fasa a ruwan shansu. Da yana yi, yanzu kamar ina zuba gari. Na ji a rediyo wai ƙwayoyin cuta sun saba da magani. In na daina na shekara ɗaya, za su manta?

AMSA: Barka kadai ƙanena. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba, amma bari in fara da abin da idona ya gani.

Shekara 20 da ɗoriya na yi a labo. In likita ya aiko da fitsari ko bayan gida, mukan shuka ƙwayar a kan wani ɗan faranti mai abinci kamar kamu da ya daskare, mu jera ƴan takardu masu kamar maɓallin riga a kai, kowacce da nata maganin, mu sa a akwatin ɗumi mai digiri 37 ya kwana. A watan Afrilu har dariya muke yi, don ɗakin ya fi akwatin zafi. Da safe sai ka ɗaga farantin wajen taga. Inda magani ke ci, za ka ga fili fes kewaye da takardar, ka sa rula ka auna milimita. Wata safiya na ɗaga na wata yarinya da aka kawo daga ƙauye, wadda uwarta ta ce ba a taɓa kwantar da ita a likita ba. Amfisilin, kotirimokzazol, tetarasikilin, duka ukun ƙwayar ta tsiro har jikin takarda, ko zaren fili babu. Na zaci takardun ne suka lalace don kuran ya sha ɗaukewa a makon, na buɗe sababbi na sake. Haka dai.

Yadda ƙwaya ke jure magani uku huɗu a tashi ɗaya, ƴan Japan ne suka fara cin karo da shi. A shekarun 1950 suna fama da atini, sai ga ƙwayar Shigella tana jure magani huɗu lokaci guda. Wajen 1959 suka nuna cewa juriyar tana tsallakawa daga E. coli zuwa Shigella in an haɗa su wuri ɗaya. Filasmid ne ke ɗauke da ita, zoben nan da na yi wa ɗalibarmu bayani a sama. Manyansu suna sa bakteriya ta miƙa wani siririn hannu ta jawo maƙwabciyarta, a yanke sili ɗaya a zura mata irin na kwance rawani, kowacce ta saƙa abokin silinta. Mai bayarwa ba ta rasa ba, mai karɓa ta samu. Kuma ba ruwansu da dangi, ƙwayar hanjin kaza tana iya miƙa wa ta hanjin mutum. Taki, ruwan wanke akurki, hannun yaron da ke ba su dusa, duk hanya ce.

Kafson da kake fasawa ba shi ya ƙirƙiro zoben ba. Share masa fili yake yi. Ya kashe waɗanda ba su da shi, ya bar masu shi da abinci da wuri su kaɗai.

To za su manta? Wani lokaci juriyar tana raguwa, don ɗaukar baƙo nauyi ne, in babu magani marasa shi sun fi saurin yaɗuwa. Amma kada ka sa rai da shekara ɗaya, don wasu filasmid mugayen baƙi ne. Suna ƙera guba da makarinta tare. Gubar tana daɗewa, makarin yana saurin lalacewa. Muddin baƙo yana gida, ana ta sabunta makari, lafiya lau. Ranar da wata ƴa ta tashi babu shi, makarin da ta gada ya ƙare, gubar da ta gada tana nan, sai ta mutu. F yana da irin wannan, R1 ma yana da shi. Ga kuma wata matsalar: in zobe ɗaya na ɗauke da kariyar magani huɗu, ko ka daina uku, na huɗun kaɗai ya isa ya riƙe sauran.

Ba labarin nesa ba ne. Wani bincike da aka buga a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar a Maraɗi ya samu kusan ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu karya manyan magungunan allura tun daga gida, kuma akasarin sauran da aka sake dubawa sun ɗauka kafin a sallame su. A 2015 aka gano a ƙasar Sin, a jikin aladu da naman kasuwa da majinyata, wani filasmid mai kariya daga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Daga wajen kiwo ake ganin ya taso. Babban lissafin da aka fitar a 2022 ya ce a shekarar 2019 juriyar magani ta kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne a gaba.

Abin da ya fi ba ni takaici a wasiƙarka shi ne hunturun da ka ambata. Ciwon da ya fi share kaji a wannan lokaci, mai sa su gyangyaɗi da murɗewar wuya da koren zawo, Niyukasil ne, shi kuma birus ne, ba bakteriya ba. Kafso ko buhu ka zuba ba ya taɓa shi. Shekarun da ka ga kamar yana yi, wataƙila annobar ce ba ta biyo ta akurkinka ba. Rigakafi gare shi. Ka je wurin ma'aikatan kiwo tun kaka, kafin iska ta juya. In kaza ta kwanta, su duba su faɗa maka ko na antibiyotik ne, da kwana nawa, da kwana nawa za ka jira kafin ka sayar da ƙwai ko ka yanka.

TAMBAYA: Malam, ina yi wa kaina allurar insulin shekara 6 ke nan. Jikana ya ce wai daga ƙwayar cuta ake yin ta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne? Daga wata uwa, Sabon Gari.

AMSA: Hajiya, jikanki ya yi karatu, amma ya ba ki labari rabi. Ki kwantar da hankalinki, babu ƙwayar cuta a cikin kwalbar.

Da can daga jikin shanu da aladu ake tatso insulin. A 1973 wasu Amurkawa biyu, Stanley Cohen da Herbert Boyer, suka nuna ana iya yanka filasmid, a ɗinka masa wani rubutun ADN daga waje, a mayar da shi cikin bakteriya, ya ci gaba da kwafuwa da sabon kayan a jikinsa. A 1978 aka ɗora masa rubutun insulin irin na ɗan Adam, a 1982 aka amince a fara ba majinyata. Wato baƙon nan da ke wahalar da mai kajinmu, shi aka ɗaura wa kaya aka mayar ɗan dako. Ana kiwon bakteriyar, ko yis irin na burodi a wasu kamfanonin, cikin manyan tankuna, su ƙera insulin, a tace shi a sake tacewa har ba abin da ya rage sai maganin. Kamar zuma ce, kina sha ba ki haɗiye ƙudan ba.

Abin da zan fi so ki sa wa ido shi ne zafi, don shi ke kashe ƙarfin insulin a garin nan. In akwai firijo, a ciki, amma ba wajen ƙanƙara ba, wanda ya daskare ya lalace. In kuran ya ɗauke ko babu firijon, ki sa kwalbar a leda ki ɗaure, ki ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, ki zaunar da ita cikin babba mai jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa inda iska ke bi. Ki riƙa rubuta ranar da kika buɗe kwalba a jikinta, in kin je awo ki nuna wa likitanki. Ki gaida jikan naki, ki ce ya rubuto da kansa.